Kuɗin Madubi A Cikin Canji: A Ajiye Ko A Sayar?

Akwai wani irin kuɗin ƙarfe da gidajen buga kuɗi na gwamnatoci ke ƙerawa, wanda tun asali ba domin kasuwa aka yi shi ba. Ba a zuba shi a buhu a aika wa bankuna kamar sauran sulalla. Ana buga shi ne a tsanake, ƙwaya bayan ƙwaya, a rufe cikin ɗan akwati ko gidan roba garai-garai, sa'an nan a sayar wa ma'abota tara kuɗin ƙarfe a kan farashin da ya ninka abin da ke rubuce a jikinsa. Mutanen Ingila da Amurka suna kiransa furuf. Da yake babbar alamarsa ita ce fuska mai sheƙi wadda mutum kan hango kansa a ciki, sunan da ya dace da shi a Hausa shi ne bugun madubi.

Duk da wannan killacewa, lokaci lokaci irin kuɗin nan yakan kuɓuce ya shiga hannun jama'a. Mutum yakan sayi burodi a wani kanti a Amurka, a miƙo masa canji, ya ga ƙwaya ɗaya tana walƙiya dabam da 'yan'uwanta. Ko ɗalibi ya komo gida daga karatu da ragowar tsaba a aljihun jaka, ko magada su buɗe adakar mahaifinsu su tarar da irinta a ƙulle cikin tsumma. Daga nan sai tambaya ta taso: a ajiye ne, ko a sayar? Hasara tana jiran mutum ta fuska biyu. Akwai wanda ya saki abu mai daraja a kan kuɗin goro domin bai san abin da ke hannunsa ba, akwai kuma wanda ya kashe kuɗin awo da na aikawa da la'adar dillali a kan ƙwayar da ba ta kai kuɗin kan sarki ba. Abin da ke tsare mutum daga duka biyun shi ne sanin cewa sheƙi ba ya yanka farashi. Abubuwa uku ne ke yankawa, watau yawan da aka buga, da lafiyar jikin ƙwayar, da irin ƙarfen da aka yi ta da shi.

Yadda ake buga shi

Kuɗin kasuwa na yau da kullum inji ne ke amayar da shi. A gidajen buga kuɗi na Amurka inji guda yakan buga ƙwaya 750 cikin minti ɗaya, suna zubowa cikin babban mazubi suna gogar juna, har ma tun kafin su bar masana'anta sun riga sun sami 'yan tabo. Bugun madubi kuwa aikinsa dabam ne tun daga tushe. Ana tsame fallayen ƙarfen da za a buga, a wanke su, a goge har su yi sumul. Hatimin ƙarfen da ke ɗauke da zane shi ma ana goge shimfiɗarsa sai ta koma kamar madubi, amma gurbin hoto da na rubutu akan bar su da ɗan kaushi. Kana a sa fallen a inji, a buga shi aƙalla sau biyu, a hankali, da nauyin da ya fi na kullum, domin ƙarfen ya shiga kowane lungu na hatimin. Ma'aikata ba sa ɗaukarsa sai da safar hannu ko ɗan hantsaki.

Abin da ke fitowa shi ne ƙwaya mai shimfiɗa kamar ruwan rijiya, hotonta kuma fari sol kamar an barbaɗa masa gari, gefenta a tsaye yake da kaifi, babu lanƙwasa. A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, gama a kansa mutane da yawa ke ruɗewa: furuf sunan hanyar bugu ne. Ƙwayar da aka buga ta wannan hanya tana nan furuf ko da ta shekara goma tana yawo a aljihu, sabuwar ƙwayar kasuwa kuwa, kome ƙyallinta, ba za ta taɓa zama furuf ba.

Daga kyautar sarakuna zuwa hajar kanti

A zamanin da, 'yan ƙalilan ake bugawa, domin a gwada sabon hatimi, ko a ajiye a taskar gwamnati, ko a yi wa wani babban mutum gaisuwa. A cikin 1834 gwamnatin Shugaba Andrew Jackson ta ba da umurni a buga jeri na musamman na kuɗin Amurka, watau ƙwaya ɗaya daga kowane iri, domin jakadanta Edmund Roberts ya kai wa sarakunan Gabas. Ya miƙa jeri ɗaya ga Sayyid Sa'id, Sarkin Maskat, wanda mulkinsa ya kai har Zanzibar, a cikin 1835, ya kuma miƙa wani ga Sarkin Siyam, ƙasar da ake kira Tailan yanzu, a cikin 1836. Cikin kowane jeri akwai dalar azurfa mai ɗauke da shekarar 1804, ko da yake shekara 30 bayan haka aka buga ta. Ita wannan dala ta Sarkin Maskat an yi gwanjonta cikin 2021 a kan dala miliyan 7 da dubu 680.

Irin wannan labari ne ke sa zuciyar mai tsintuwa ta buga. Sai dai al'amarin ya sake kama tun tuni. A cikin 1936, sa'ad da Amurka ta soma sayar wa jama'a jerin bugun madubi irin na zamani, jeri 3,837 kaɗai aka fitar. An dakata bayan 1942 saboda yaƙi, aka koma cikin 1950. A 1957 yawan ya haura miliyan ɗaya, a 1964 kuma ya kusa miliyan 4. Daga 1965 zuwa 1967 ba a buga ba. Tun daga 1968 aikin ya tashi daga Filadelfiya ya koma San Faransisko, aka kuma riƙa sa wa kowace ƙwaya ɗan ƙaramin harafin S, alamar garin. Cikin shekarun 1970 da 1980 akan buga jeri wajen miliyan 3 ko fiye a shekara guda. Abin da dā kyautar sarakuna ne ya zama haja wadda kowane ma'aikaci ke iya aikawa da kuɗi ta gidan waya a kawo masa.

Misali ɗaya ya isa. Jerin 1972 yana ƙunshe da ƙwaya biyar, jimlarsu senti 91, an kuma sayar da shi dala 5. An buga fiye da miliyan 3, galibin masu saye kuwa sun adana nasu da kyau, kowa yana zaton ya yi ajiya mai riba. Bayan fiye da shekara 50, jerin nan cikakke, a rufe cikin gidansa, bai wuce 'yan daloli ƙalilan ba a wurin dillalai. In cikakken jeri mai lafiya haka yake, to, ina ga ƙwaya ɗaya tilo da ta fice daga gida ta sha gogayya a aljihu?

Ta ina yake shiga kasuwa

Hanyoyin ba su da yawa, kuma kusan dukansu rashin sani ne ko rashin damuwa. Mai tara kuɗi yakan rasu, magadansa su fasa gidajen robar su kai tsabar banki a matsayin canji. Yaro yakan ɗauki na mahaifinsa ya sayi alewa. Ɓarawo yakan fasa gida, ya kashe abin da ya samu a kan farashin da ke rubuce, domin yana tsoron kai shi wurin dillali. Su kansu dillalan sukan fasa jeri su tsame ƙwaya ɗaya da ta fi kyau, ragowar kuwa, da yake ba su kai a ɓata lokaci a kansu ba, sai a zuba su banki. Wannan hanya ta ƙarshe ita kaɗai ta isa ta nuna wa mai hankali matsayin galibin abin da ake tsinta, tun da masu sana'ar ne da kansu suka watsar.

A Amurka har akwai masu sha'awar da aikinsu ke nan, su je banki su karɓo akwatin rabin dala mai ƙwaya 1,000 a kan dala 500, su zauna su tsefe shi ɗaya ɗaya, su tsame na azurfa da na madubi, su mai da sauran. Daga hannun irinsu ne aka fi samun wannan tsintuwa.

Gane na gaske

Kafin a yi maganar farashi, sai an tabbata abin furuf ne. Gwaji mafi sauƙi shi ne a riƙe ƙwayar ta gefe, a kawo bakin alƙalami kusa da shimfiɗarta. In bugun madubi ce, za a ga hoton alƙalamin sarai a ciki, ko da a lungunan da ke tsakanin haruffa ne kawai, inda gogayya ba ta kai ba. Sabuwar ƙwayar kasuwa kuwa haskenta juyawa yake yi kamar ƙafar keke in an karkata ta, ba ta nuna hoton kome. Sa'an nan a dubi gefe da rubutu, gama na madubi a tsaye suke, tsaf-tsaf.

Akwai abubuwa biyu masu yaudara. Na farko ƙwayar da wani ya goge da inji ko ya tsoma a ruwan ƙarfe mai ƙyalli. Ita sheƙinta ko'ina ɗaya ne, kan hoto da kan shimfiɗa, zanenta kuma ya daƙushe, kuma a wurin masana ba ta da wata daraja da ta wuce ta fuskarta. Na biyu shi ne harafin S kansa. San Faransisko ta buga kuɗin kasuwa masu yawa har zuwa 1955, ta kuma sake buga senti ɗaya na kasuwa daga 1968 zuwa 1974, da senti 5 daga 1968 zuwa 1970, duka da harafin S a jikinsu. Saboda haka ganin harafin kaɗai bai isa shaida ba, sai an haɗa da madubin da gefen.

Lafiyar jiki

Masu wannan sana'a suna da ma'auni mai hawa 70, wanda wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara cikin 1949. Hawa na 70 shi ne ƙwayar da ba a ga aibi ko ɗaya a jikinta ba ko da madubin ƙara girma. Bugun madubin zamani da ke cikin gidansa galibi yana kusa da ƙololuwar ma'aunin, kuma irinsa masu saye ke nema. Wanda ya shiga kasuwa har gogayya ta taɓa saman hotonsa yakan faɗo ƙasa da hawa 60, a lissafa shi cikin masu rauni. Shimfiɗar madubi ba ta jure kome, gogar yatsa ɗaya tana barin zane a kanta. Mai saye kuwa, da yake yana iya samun lafiyayye a kan araha, ba shi da dalilin biyan kuɗi a kan mai rauni.

Akwai kamfanoni masu auna kuɗin ƙarfe su tabbatar da ingancinsa, su rufe shi cikin roba tare da lambar hawansa. Manya cikinsu su ne PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC, wanda aka kafa a 1987. Amma aikinsu ba kyauta ba ne. In an haɗa ladan awo da kuɗin aikawa da na komowa, abin yana kai daloli masu yawa a kan ƙwaya guda. Wanda ya aika musu da kwatar 1978 mai rauni, watau senti 25 wadda da ƙyar wani zai ba shi dala ɗaya ko biyu a kanta, ya sayi hasara da kuɗinsa.

Wani gargaɗi ya wajaba a nan, domin hannun Bahaushe ya saba da gyaran ƙarfe. Toka da lemun tsami da man goge tagulla suna fito da hasken tasa da munduwa, amma su ne ajalin bugun madubi. Goga ɗaya da tsumma tana barin ɗaruruwan siraran layuka da ba sa ɓacewa, kuma masana suna gane ƙwayar da aka wanke da kallo ɗaya, su rage mata farashi ƙwarai. Dusashewa ko canjin launi na shekaru ba aibi ne babba a wurinsu ba, wankin shi ne aibin. Garin neman gira akan rasa ido.

Irin ƙarfen

A nan ne mai tsintuwa ya fi samun abin kirki. Har zuwa 1964, senti 10 da kwata da rabin dala na Amurka kashi 90 cikin 100 azurfa ne. Daga 1965 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel, sai rabin dala da ya ci gaba da kashi 40 na azurfa har 1970. A 1976 an fitar da wani jeri na bikin cikar ƙasar shekara 200 mai kashi 40. Kana tun 1992 ana buga jerin madubi iri biyu kowace shekara, na ƙarfen banza da na azurfa mai kashi 90, daga 2019 kuma aka mai da na azurfar tsantsa, kashi 99.9. Duka biyun zanensu ɗaya, harafinsu ɗaya, saboda haka magajin da bai sani ba yakan kashe na azurfa a kan senti 25.

Rarrabe su ba wuya. In an dubi bakin ƙwayar ta gefe aka ga jan layi a tsakiya, haɗin jan ƙarfe ce. In fari ne fat, to, a kai ta ma'auni. Kwatar ƙarfe nauyinta giram 5.67, ta azurfa mai kashi 90 giram 6.25. Senti 10 na ƙarfe giram 2.27 ne, na azurfa giram 2.5. Rabin dala na ƙarfe giram 11.34, mai kashi 40 giram 11.5, mai kashi 90 giram 12.5. Ma'aunin maƙerin zinariya yana iya wannan aiki cikin minti ɗaya.

Amfanin azurfa shi ne tana kafa wa farashi ƙasa wadda rauni ba ya iya ratsawa. Kwata mai kashi 90 tana ɗauke da azurfa tsantsa wajen giram 5.6, kuma kome tabon da ke jikinta wannan nauyi yana nan. Amma ita ma azurfa kasuwarta ba ta da tabbas. A watan Janairu na 1980 farashin oza ɗaya ya kusa dala 50, jama'a suka yi layi a ƙofar dillalai suna sayar da gadonsu ana narkarwa, ran 27 ga Maris na shekarar kuwa ya faɗo ƙasa da dala 11. Ya sake kusantar dala 50 a Afrilu na 2011, ya gangaro ƙasa da 15 a 2015, sa'an nan ya haura 50 a Oktoba na 2025. Wanda ya ajiye azurfa yana iya jira, amma ba ya iya rantsewa a kan ranar da jiran zai biya shi.

Sulen da ya rasa harafi

Saura ƙaranci, wanda shi kaɗai ke kai ƙwaya ga farashin da ake ba da labari. A wancan zamani a Filadelfiya ake shirya hatimai, a doka musu harafin S da hannu kafin a aika da su San Faransisko. Wani lokaci akan manta. Ta haka aka sami bugun madubi marar harafi a senti 10 na 1968 da 1970 da 1975 da 1983, da senti 5 na 1971, kana daga baya da senti ɗaya na 1990. Kowannensu yana kai ɗaruruwan daloli ko dubbai. Na 1975 kuwa, cikin jeri fiye da miliyan 2.8 da aka buga a shekarar, ƙwaya biyu rak aka sani.

Ɗaya daga cikinsu wani iyali masu kiwon shanun madara a jihar Ohayo suka saya cikin 1978 a kan dala 18,200, suka ɗauke ta a matsayin garkuwa saboda ranar wuya, suka kulle ta a taskar banki fiye da shekara 40. Da ɗan'uwansu da ke riƙe da ita ya rasu, 'yan'uwa mata uku suka gaje ta, suka kai ta gwanjo, aka saye ta a watan Oktoba na 2024 a kan dala 506,250, watau kusan ninki 28 na kuɗin sayenta. Ɗayar kuma an yi gwanjonta a 2019 a kan dala 456,000.

Da labarin ya bazu, mutane da yawa suka duba aljihu suka ga senti 10 na 1975 babu harafi, suka ɗauka arziki ya zo. Alhali kuwa Filadelfiya ba ta soma sa harafinta na P a kan senti 10 ba sai 1980, kuma a 1975 ta buga fiye da miliyan 500 na kasuwa, duka babu harafi. Darajar kowannensu senti 10 ce. Ƙwayoyin nan biyu masu tsada bugun madubi ne, kuma a cikin rufaffen jeri aka same su. Darasin iyalin Ohayo shi ne sun ajiye abin da aka tabbatar da ƙarancinsa tun kafin su biya, suka kuma tsare lafiyarsa. Haƙurinsu ya yi riba ne domin yana kan sani.

Na gida

Nijeriya ma tana da nata bugun madubi. Sa'ad da Babban Bankin ƙasa ya fitar da kuɗinsa na farko a 1959, gidan buga kuɗi na Ingila ya buga jerin madubi na ƙwayoyi shida: ɗari da kwabo masu huda, taro mai auduga, sisi mai koko, sule mai kwakwar manja, da fataka mai gyaɗa. Haka kuma aka yi wa kuɗin kwabo na 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Waɗannan jeri ba a buga su da yawa irin na Amurka ba, saboda haka wanda ya tarar da ɗaya cikakke a cikin akwatinsa na asali, cikin kayan wani tsohon ma'aikacin gwamnati ko na banki, ya sami abin da ya cancanci kulawa, kuma babban kuskure ne ya raba ƙwayoyin da akwatin.

Amma kwabon 1959 na kasuwa da sulensa miliyoyi aka buga, kuma babu azurfa a jikinsu. Masu azurfa su ne sulallan Afirka ta Yamma na 1913 zuwa 1920, waɗanda mata suka sha kai wa maƙera a yi musu awarwaro. Haka nan dalar Mariya Tareza ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita a Borno da ƙasar Hausa. Shekarar 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, gama da wannan shekara aka ci gaba da buga ta, ɗaruruwan miliyoyi, har zuwa zamanin nan. Darajarta galibi ta azurfar da ke cikinta ce.

Mai irin wannan kaya a ƙasar nan yana da wahalar da Ba'amurke ba shi da ita. 'Yan canji galibi ba sa karɓar tsabar ƙasashen waje, dillalan tsofaffin kuɗi kuma ba su da yawa, kuɗin aikawa waje kuwa sau da yawa ya fi darajar abin. A wannan giɓi ne 'yan damfara ke shiga, su ce akwai Bature mai neman kwabo mai huda a kan miliyoyi, amma sai an fara biyan kuɗin gwaji. Mai saye na gaskiya ba ya neman mai kaya ya ba shi kuɗi tukuna. Har ila yau, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta cinikin takardun naira da tsabarta, da kuma lalata su, saboda haka sai a bambanta tsohon kuɗin da aka daina karɓa da wanda har yanzu kuɗin ƙasa ne. Ga Musulmi kuma akwai hukunci biyu da suka shafi azurfa: musayarta da kuɗi hannu da hannu ake yi, kuma in ajiyarta ta kai nisabi, watau dirhami 200, kimanin giram 595, shekara ta zagayo, zakka ta hau kanta.

Yanke shawara

In an bi waɗannan matakai, shawarar ba ta da wuya. Bugun madubin ƙarfe na bayan 1970, mai harafin S, mai rauni, shi ne kusan duk abin da ake tsinta. Sayar da shi ba ya biyan wahalar neman mai saye, ajiye shi kuma ba ya cin kome, tun da senti 10 ko 25 ne kawai aka hana kashewa. Irinsa a ajiye shi domin sha'awa, ko a ba yaro ya koyi yadda ake duba kuɗi, amma kada a ɗora masa burin arziki, domin shekaru ba za su rage miliyoyin 'yan'uwansa lafiyayyu da ke hannun jama'a ba.

Na azurfa dukiya ce ƙarama mai sauƙin sayarwa. Mai bukata ta gaggawa, ko wanda bashi ke kansa, ya auna nauyin, ya binciki farashin azurfa na ranar, ya yi lissafinsa kafin ya je wurin mai saye, ya kuma tambayi fiye da mutum ɗaya, yana sane da cewa dillali lalle zai rage domin ribarsa. Wanda ba abin da ya matsa masa yana iya riƙewa. Farashin da ake gani a intanet kuwa, sai a rarrabe abin da mai kaya ya nema da abin da aka biya a zahiri, gama kowa yana iya rubuta miliyan a kan kwabonsa.

Bugun madubi na kafin 1950, ko marar harafin da ya kamata ya kasance da shi, ko cikakken jerin 1959 a akwatinsa, su ne kaɗai suka cancanci a kashe kuɗin awo a kansu. Mai irinsu kada ya sayar kuma kada ya sa rai sai an tabbatar. Tayin farko da ya zo da gaggawa shi ne abin tsoro, musamman in mai tayin ya ƙi a nuna wa wani.

Wanda ya zaɓi ajiya kuwa, akwai haƙƙin ajiya a kansa. Ya riƙa kama ƙwayar ta gefe, ya sa ta cikin gidan roba mai tauri, ya guji leda mai laushi, domin irinta tana fitar da wani kore-kore mai cin ƙarfe. Ya nisanta ta da laimar damina da ƙurar hunturu. Sa'an nan ya ɗauki takarda ya rubuta ko mece ce, da shekararta, da irin ƙarfenta, da inda ya same ta, ya ajiye tare da ita, ya kuma gaya wa iyalinsa. Galibin bugun madubin da ke yawo cikin canji sun taɓa zama ajiyar wani mai kula, wanda ya san darajarsu amma bai bar wa magadansa bayani ba, kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Layi uku a kan takarda sun isa su hana ƙwayar komawa aljihun mai kanti a karo na biyu.